Ina son buɗe ƙaramin shafi na tallan kamasho, masu sani ku taimaka

Ɗan Badariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara wajen waɗanda suka san harkar nan ta afiliyet, wato ka tallata kayan wani a intanet in an saya ta linkinka a ba ka kamasho. Na gama HND bara ga shi har yau shiru, wata uku kenan ina kallon bidiyo a YouTube har idona ya fara yaji, kuma dukansu magana ɗaya suke, wai ka buɗe ƙaramin websait a kan abu ɗaya tak ka yi ta rubutu Google zai dinga turo maka mutane kana barci kuɗi na shigowa. Ni dai na yanke zan yi a kan wayoyi, wacce ta fi riƙe caji, wacce ta fi kyamara, sai in saka linkin Amazon a ƙasa. Tambayata ita ce cikin manhajojin gina shafi Blogger zan fara da shi ko WordPress, kuma a ina ake sayen domen, wato sunan adireshin shafi, mai sauƙi? Na gode.

Bazamfare: Wa alaikumus salam. Kana barci kuɗi na shigowa ko? To Allah ya tashe mu lafiya 😂

Maman Sultan: Ni tun da MMM ta kulle kuɗin mutane a Disambar 2016 duk abin da aka ce kana kwance yana haihuwa gabana faɗuwa yake. Ƙanena ka bi a hankali.

Abban Hanifa: Hajiya wannan ba irin MMM ba ne, dillanci ne sak, irin wanda ake yi a kara ko kasuwar hatsi, ka haɗa mai kaya da mai saye a ba ka la'ada. Bambancin kawai a nan kwamfuta ce ke shaida cewa kai ka kawo mai sayen. Amazon tun 1996 suke da wannan tsarin. Amma Ɗan Badariya ka fara tambaya daga wutsiya. Ka bar maganar Blogger da WordPress tukuna, ni ga tambayata, wa zai karanta shafin naka, kuma in ya gama karantawa a ina zai sayi wayar?

Ɗan Badariya: Yaya ai duk duniya za a iya karantawa tunda intanet ne

Abban Hanifa: Yawwa, nan nake jiranka. Da wane harshe za ka rubuta? In da Turanci ne to abokan gasarka su ne irin su GSMArena da manyan shafukan da kamfanonin waya ke aika wa waya tun kafin ta fito kasuwa, suna da ma'aikata da ɗakin gwaji, kai kuma wayar da za ka yi sharhi a kai ko taɓa ta ba ka yi ba. Ba'amurke ba zai tsallake su ya zo wajenka ba. In kuma da Hausa ne, to mai karatunka yana Birnin Kebbi ko Jega ko Gusau, in yana son Tecno ko Infinix ko itel shago zai shiga ya kunna ta a gabansa ya taya ya biya, babu abin da zai kai shi Amazon ya nemi katin dala ya biya kuɗin jirgi ya jira makonni. To ka ga ka yi wahalar rubutu ya amfana, mai shago ya ci riba, kai ka tashi da ladan gaɓe.

Sannan ga dokokin Amazon ɗin da masu bidiyo ba sa tsayawa a kai. In mutum ya danna linkinka awa 24 kawai kake da ita, in bai saka kayan a kwando cikin wannan lokacin ba shi kenan ba ka da komai. Kuma bayan ka yi rajista sai ka kawo ciniki 3 cikin kwana 180, in ba haka ba su rufe akawun ɗin. Sabon shafi kuwa yakan yi watanni Google bai ma ko kalle shi da kyau ba. Ko ka samu kamashon ma sai kusan kwana 60 bayan ƙarshen watan suke biya, kuma mu nan yawanci sai an bi ta kamfanonin turo kuɗi daga waje irin su Payoneer kafin kuɗin ya iso banki.

Oga Dala: Duk wannan tsoratar da yaro ne kawai. Ni ban da websait ko ɗaya amma alat ba ya yanke min. Ɗan uwa biyo ni ta baya akwai kwas da nake bayarwa, sati biyu ka fara ganin canji, wuri saura kaɗan

Bazamfare: Wurin nan tun bara yake saura kaɗan har yau bai cika ba

Admin: Oga Dala an sha faɗa ba a talla a zauren nan. In kana da ilimi zuba shi a nan kowa ya ƙaru.

'Yar Zuru: Ni bari in faɗi nawa don wani ya tsira. Shekara biyu da suka wuce na sayi irin kwas ɗin nan wajen wani, ba zan kama suna ba, kuɗin da na tara na ɗinki ne wallahi. Da na buɗe bidiyoyin abin da ke ciki gaba ɗaya shi ne yadda ni ma zan sayar wa wasu wannan kwas ɗin dai in samu rabi. Wato kayan sayarwar shi ne koyon sayar da kayan sayarwar, kun gane? Na yi ta cika status da hoton alat ɗin da ba nawa ba, shi ya turo mana mu saka, har ƙawata ɗaya ta saya saboda ta yarda da ni, yau in mun haɗu a biki kunya nake ji. Ba wai duk kwas ƙarya ba ne, amma in ka ga ba a maganar wani kaya sai rajista da kawo mutum, ka kama kanka.

Malam na Jega: Allah shi saka da alheri da wanga bayani. Tunda an tabo wurin bari in ɗan sa baki. Asalin dillanci halal ne, malamai sun yi maganarshi tun da daɗewa, kuma a ce maka in ka kawo mai saye kana da kaza, wannan shi ma sananne ne cikin fiƙihu, ana ce mishi ju'ala. Inda matsala take wuri biyu. Na farko kayan da kake tallatawa, ba ka tura mutane gidan caca ko bashin ruwa kana cewa ai ni linki kawai na saka. Na biyu gaskiya cikin yabo. Ka rubuta na gwada wagga waya ta kwana biyu ba caji alhali ba ka taɓa riƙa ta ba, wannan algus ne, kuma hadisi ya inganta cewa wanda ya yi muna algus ba ya cikinmu. Hoton alat na wani da aka ba ɗiyarmu ta saka shi ma nan ya faɗa.

Abban Hanifa: Malam abin mamaki su ma Turawan sun sa wannan a doka. Amazon wajibi ne ka rubuta a shafinka ƙarara cewa kana samun kamasho in an saya ta wajenka, Google ma tun 2019 ya fito da alamar da ake sa wa linkin talla don a bambanta shi da sauran.

Ɗan Badariya: To yanzu ni jikina ya yi sanyi gaskiya. Kenan in haƙura?

Bazamfare: Ni a ganina ka bar websait ɗin nan ka koma TikTok da Facebook. Mutanenmu ba karatu suke so ba, kallo da saurare suke so. Wa zai zauna ya karanta dogon rubutu da datarsa? Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya ka gama. Kuma kada ka manta AdSense, tsarin da Google ke sa talla a shafinka ya biya ka, ba ya karɓar Hausa, yara da yawa sun buɗe shafin Hausa sun cika shi da labarai daga baya suka gane ba ta cikin harsunan da Google ke sa wa talla.

Abban Hanifa: Maganar AdSense gaskiya ce, shi ya sa ma kamasho ya fi dacewa da mai rubutun Hausa tunda shi ba ruwansa da harshe. Amma a kan TikTok ban bi ka duka ba. Gonar aro ce, ranar da mai ita ya tashi karɓa ba sallama. Ka tuna Twitter, gwamnati ta rufe ta a Yunin 2021 sai Janairun 2022 aka buɗe, masu kasuwanci a can suka yi ta kame-kame. Ga kuma shafukan Facebook da ake wayar gari an toshe ba dalilin da za ka gane. Bidiyo shi ne mai shela, shafinka shi ne shagon. Bidiyon da ka saka yau jibi ya nutse, amma rubutun da ya amsa tambaya mai kyau shekara biyu ana samunsa a Google.

Bazamfare: Ranar da aka yanke mana sabis gaba ɗaya a Zamfara a Satumbar 2021 da mai shago da mai shela duk zama muka yi 😅 sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira waya

Maman Sultan: Kai wannan lokacin Allah kada ya maimaita. Amma ni tsaya, Ɗan Badariya ba kai ne kake bin yayanka haɗa sola ba? Ai kai ka hau rufin gidan maƙwabtanmu a Gesse da azumin bara ko ba kai ba ne

Ɗan Badariya: Ni ne Hajiya. Kusan shekara uku ina bin shi, fanel, inbata, batir, har injin ban ruwa na sola mun haɗa wa mutane a fadama wajen Ambursa da Kalgo

Abban Hanifa: Subhanallah. Kana zaune a kan wannan kake neman rubuta sharhin wayar da ba ka taɓa gani ba? Ai ga shafinka nan.

Kawu na Argungu: Assalamu alaikum. Ni ban san komi ba ga wagga harka ta websait, yara sunka sanya ni cikin zauren ga, amma da anka ambaci injin ban ruwa dole in yi magana. Tun da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 noman rani ya koma wani abu daban. Shinkafa ruwa taka so, kullum sai ka tada inji, da can ka cika galan ba ka ji ba, yanzu kuɗɗin mai kaɗai na iya cinye ribar. Wasu sun maida injinsu na gas, wasu sun koma sola. To matsalar mu ba mu san mi za mu saye ba. Ka tahi kasuwa kowane mai shago shi ce nashi ya fi, fanel an rubuta mai lamba babba ka kai gona ruwa na fitowa kamar na buta. Maƙwabcina ya sayi nashi bara, da hazo ya sauka ƙura ta rufe fanel sai inji ya dinga tari, ya ɗauka lalacewa ya yi ashe wanki kawai yaka so. In akwai yaron da zai gaya muna gaskiya, inci biyu fanel nawa yaka ɗauka, inci ukku nawa, kadada guda awa nawa, wallahi har gida za mu biyo shi.

Ɗan Badariya: Kawu ai wannan duk na sani. Har ma abin da ya fi ba mutane wahala shi ne zurfi, injin da ake ajewa a sama ba ya iya tsotso ruwa in ya wuce kamar mita 7 zuwa 8 komai ƙarfinsa, to in rani ya yi nisa ruwan rijiyar ya ja ƙasa sai mutum ya ce an cuce shi, alhali wanda ake zurawa cikin rijiya ya kamata ya saya tun farko. Kuma lambar wat da ke jikin fanel a ɗakin gwaji aka auna ta, in ya ɗau zafin rana irin namu na Maris da Afrilu ba ya ba da ita cikakkiya. Ni ban ɗauka wannan abin rubutawa ba ne

Abban Hanifa: To wannan ɗan sakin layin da ka rubuta yanzu ya fi duk sharhin waya ɗari da za ka kwafo. Kuma bari in faɗa maka dalili ta ɓangaren Google ɗin kansa. A Satumbar 2023 da Maris 2024 sun yi sauye-sauye da suka durƙusar da ƙananan shafuka masu yawa, musamman masu tara rubutun da aka kwaso daga wasu wurare ko aka sa AI ya zubo ɗaruruwa don kawai a saka linki. Daga Mayun 2024 kuma suka fara sa amsar AI a saman sakamakon bincike, wato in tambayar gama-gari ce mutum zai samu amsa bai ma shiga shafin kowa ba. Abin da ya rage wa ƙaramin mai shafi shi ne abin da sai wanda ya je wurin ya sani. Hoton da ka ɗauka da kanka a fadama, minti nawa inji kaza ya cika durom mai lita 200 da ƙarfe goma na safe, nawa ya yi da azahar, nawa ya yi ranar hazo. Babu wani a Legas ko Indiya da zai rubuta wannan, balle da Hausa.

Bazamfare: Na yarda amma mu dawo kan tambayar da kai ka fara yi masa. Kawu zai danna linki ya sayi inji a intanet? Kawu ka taɓa sayen abu a Jumia?

Kawu na Argungu: Cinikin biri a sama? A'a ɗana. Sai na ga ruwa na zuba.

Bazamfare: To ka ji

Abban Hanifa: Ai ban ce ya dogara da linki ba. Kashi biyu zai yi. Ƙananan kaya irin fitilar sola, fanka mai caji, mitar auna wuta, waɗannan matasa da ma'aikata suna saye a intanet, ka duba ko Jumia da Konga suna da tsarin kamasho a yanzu, su na gida ne ba ruwanka da dala, sai dai ka karanta ƙa'idarsu da kanka don kason ya danganta da irin kaya kuma suna canza shi. Amma kada ka sa rai da yawa a nan. Misali kawai nake bayarwa, a ce mutum 1,000 sun karanta, 50 sun danna, 2 sun sayi kayan naira 30,000 kowannensu, a ce kason 3 cikin 100 ne, ka tashi da naira 1,800 kenan. Kuɗin data ma bai fito ba.

Babban kason yana wajen inji, kuma shi ba kamfanin waje za ka nema ba. Ka je wajen dila biyu ko uku da ka san kayansu na da kyau, a nan Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano, ku yi magana, duk wanda na turo ya sayi saiti nawa ne nawa. A ƙasan kowane rubutu maimakon linki sai ka sa maɓallin WhatsApp. Mutum ya yi maka magana, ka tambaye shi zurfin rijiyarsa da girman gonarsa, ka haɗa shi da dila. Inji ɗaya zai iya ba ka abin da linki ba zai ba ka a wata uku ba. Ga kuma aikin haɗawa da zai zo wa yayanka.

Maman Sultan: Nan kuma ni zan yi gyara don na daɗe ina ba yara kaya suna tallata min. Maganar baki ba ta isa ba. Kwamfutar Amazon ba ta mantuwa amma ɗan kasuwa yana mantuwa, musamman in ciniki ya faɗa 😄 Ku rubuta a takarda da shaidu, kuma duk wanda za ka tura ka fara aika wa dilan sunansa da lambarsa ta WhatsApp kafin ya isa shagon, saƙon nan shi ne shaidarka. Kuma kada ka tsaya kan dila ɗaya, ranar da ya ga kai kake buƙatarsa zai fara ja maka rai.

Malam na Jega: Kuma manomi shi san cewa kana da la'ada wurin dilan. Kada shi ɗauka shawara ce ta tsakani da Allah kawai alhali kana da rabo. In kayan dilan da ke ba ka kaso mai tsoka bai dace da gonar mutum ba ka gaya mishi.

Ɗan Badariya: In sha Allahu Malam. To Yaya yanzu tambayata ta farko fa, Blogger ko WordPress 🙈

Abban Hanifa: Yanzu ta zama tambaya. In aljihu ba nauyi fara da Blogger, kyauta ne, na Google ne, ba ka biyan kuɗin hostin, wato hayar wurin ajiye shafin a intanet, kuma da waya ma za ka iya. Abin da zan ce kada ka yi wa rowa shi ne domen naka na kanka, ka sayi .com.ng wajen kamfanonin gida da NiRA, mai kula da domen .ng, ta amince da su, da naira za ka biya kuma ya fi .com sauƙi, duk shekara ake sabuntawa ka sa ranar a waya don in ya faɗi wani na iya ɗauka. In abu ya kankama ka koma WordPress da sunanka a hannu. Ka haɗa shi da Google Search Console tun ranar farko, shi ma kyauta ne, zai nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka buga suka same ka. Ka rage nauyin hotuna saboda sabis ɗin ƙauye. Kada ka sayi wani jigo, wato tsarin adon shafi, mai tsada ko tambari, rubutu goma masu kyau tukuna.

Wani abu kuma, mutanenmu in za su bincika abu ba sa sa ƙugiya a haruffa kuma suna cakuɗa Hausa da Turanci, wani ma ba ya bugawa sai dai ya yi magana a waya. Ka saurari yadda su Kawu ke kiran kayan a bakinsu ka sa shi a kanun rubutun, kada ka ƙirƙiro Hausar da ba mai nema.

Bazamfare: Kuma dai ka yi bidiyon. Su Kawu ba za su karanta ba, 'ya'yansu ne za su karanta musu

'Yar Zuru: Ka yanka shi gajere ka tura zaurukan manoma na WhatsApp da murya, can suke

Kawu na Argungu: Ɗana in da gaske kake ka taho ranar Assabar. Akwai injin sola ukku kusa da gonata kowane da irin nashi, ɗaya na aiki ɗaya na wahala ɗaya an rufe shi da buhu an koma ma fetur. Durom ina da shi. Ka zo da abin awonka ka iske ni kafin rana ta ɗaga.

Ɗan Badariya: Na gode Kawu, zan shigo motar farko. Yaya Abban Hanifa zan turo maka sunaye uku da na yi tunani na domen ka duba min

Abban Hanifa: Turo. Amma wanda za a iya faɗa a waya mutum ya rubuta ba tare da ya ce maimaita ba.

Oga Dala: Duk da haka kwas ɗina na nan ga mai so

Admin: Oga Dala na cire ka na kwana uku.

Kawu na Argungu: Ka taho da takalmin roba, wurin akwai laka